Corolla tana fizga idan an taka totur, an ce a sauya kwayil huɗu

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ. A silo, wato mota na tsaye inji na aiki, tana ɗan rawa kaɗan, amma babbar matsalar sai an taka totur a kan hawa, ko an kunna esi da mutane a ciki. Nan take fara fizga, ƙarfinta ya ragu, fitilar inji ta riƙa ƙyaftawa. Salansa kuma tana warin ɗanyen fetur. An ce in sayo kwayil huɗu, masu ba fulogi wuta, a sauya gaba ɗaya. Ina neman shawarar masana kafin in kashe wannan kuɗi.

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen tukuna. Abin da ka faɗa ya yi kama da ciwon kwayil ƙwarai, amma fulogi da nozul mai fesa fetur da bawul ɗin da ya ƙone duk suna kawo irin wannan misin, wato wata silinda ta kasa ƙona fetur ɗinta, kuma da wuya ka ga kwayil huɗu sun mutu lokaci guda. Galibi ɗaya ne.

Abin gaggawa shi ne fitilar nan. Idan ta kama ta tsaya cak, akwai matsala amma ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, kwamfutar motar ce ke sanar da kai fetur yana fita daga wata silinda bai ƙone ba, yana zuwa cikin katalis, matatar hayaƙin da ke kan hanyar salansa, ya ƙone a can. Zafin yana narka cikinsa ya toshe hanyar hayaƙi, kuɗinsa kuwa ya fi na kwayil nesa ba kusa ba. Ka jingine doguwar tafiya har a gano.

Injiniya: Gaskiya Oga ya faɗa. A fara sa mata kwamfuta. Ko ƙaramar nan ta OBD2 da ake haɗawa da wayar hannu ta wadatar, soket ɗinta yana ƙarƙashin sitiyari. A lambobin da take nunawa, P0301 misin ne a silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304. P0300 na nufin misin ɗin bai tsaya wuri ɗaya ba. P0351 zuwa P0354 kuma maganar layin wutar kwayil ne kansa. Silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren da bel yake, daga nan ake ƙirgawa zuwa wajen giyabos.

Amma lambar silinda kawai take nuna maka, ba ta ce kwayil ne ba. Gwajin da ke raba gardama shi ne musaya, kuma ba ya cin ko sisi. A ce P0303 ta fito. Kashe mota, cire murfin roba na saman inji, zare soket ɗin kwayil na uku da na ɗaya, kwance notin da ke riƙe kowanne da sufana mai lamba 10, ka musanya musu wuri. Goge lambar, ka tuƙa a irin hawan da take fizgar. Idan lambar ta koma P0301, ciwon ya bi kwayil ɗin, shi ne. Idan ta tsaya a P0303, kwayil ba shi da laifi, sai ka musanya fulogin uku da na biyu ka sake gwadawa. Abu ɗaya ake motsawa a lokaci guda. Wanda ya musanya kwayil da fulogi tare zuwa rami ɗaya bai gano komai ba.

Oga Rewaya: Wanda ba shi da kwamfuta a kusa, yana iya gano silindar da kunne. Mota na silo, ka zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare inji ya ƙara rawa, wannan silindar tana aiki. Wanda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. Na fi son a zare na nozul a kan na kwayil, don kada fetur ya ci gaba da zuba babu wutar da za ta ƙona shi. Sai dai motar Baban Ilham da lodi take nuna halinta, don haka wannan gwaji na iya ƙin kama ta a silo.

Baba Makanike: Bari in yi bayanin dalilin da ya sa sai an taka totur take yi, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Kwayil yana karɓar 12V daga batir ya mayar da ita dubbai, a motocin yanzu har 30,000V ko fiye, don wuta ta tsallaka tazarar bakin fulogi. A silo iskar da ke shiga silinda kaɗan ce, matsin ba yawa, wuta ba ta shan wahalar tsallakawa. Da ka buɗe totur, silinda ta cika, matsi ya ƙaru, sai a buƙaci ƙarfin wuta mai yawa. Kwayil ɗin da ya fara gajiya, ko wanda robarsa ta tsage, a nan yake kasawa. Wuta kamar ruwa take, inda ta sami sauƙi nan take bi. Idan bakin fulogi ya yi mata wuya, sai ta ɓulle ta tsagar roba ta faɗa jikin inji.

Shi ya sa gwajin nan da ake yi, a ciro fulogi a ɗora a kan inji a buga kik a ga tartsatsi a ce kwayil lafiya lau, ba hujja ba ce. A sarari babu matsi, ko raunannen kwayil zai ba da wuta. Idan za a gwada, a samu abin gwajin tartsatsi mai tazarar da ake buɗewa, a buɗe shi kamar milimita 10 ko sama da haka, a ga ko wutar za ta tsallaka da ƙara. Kuma a zare soket ɗin nozul duka kafin a buga kik, bugun ya zama gajere.

Abin da nake roƙon yaranmu na gareji su daina: ɗaga kwayil sama mota na aiki don a ji ƙarar tas-tas. Idan wutar ta rasa inda za ta sauka, cikin kwayil ɗin take komawa ta huda rufinsa. Lafiyayyen kwayil ma ana iya kashe shi da wannan.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri. An sa kwamfuta, P0303 ce. An musanya na uku da na ɗaya, an hau gada da esi a kunne, ta dawo P0301. Sai dai da aka zaro kwayil na uku robarsa jiƙe take da baƙin mai, akwai mai kwance a cikin ramin. Fulogin kuma akwai wani baƙin layi siriri a jikin farin tangaran ɗinsa daga sama zuwa ƙasa.

Oga Rewaya: Madalla. Kwayil ɗaya ne ke nan, ba huɗu ba. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Galibi kwayil ba ya mutuwa haka kawai, akwai abin da ya kashe shi, kuma ka riga ka ga biyu da idonka. Idan ka sa sabo ka bar su, sabon ma zai bi bayan tsohon.

Baƙin layin nan hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta a bayan fulogi maimakon ta bi ta cikinsa. Gwada kankare shi da farce, ba zai fita ba. Irinsa yana nan a cikin robar kwayil ɗin. Idan aka sa sabon fulogi da tsohuwar roba, ko sabuwar roba da tsohon fulogi, layin zai sake zana kansa a kan sabon. Tare ake sauya su.

Sannan a auna tazarar bakin fulogin duka huɗu. Na wannan inji milimita 1.1 ne, idan ya wuce 1.3 ya gama aiki. Duk yadda tazara ta buɗe, haka kwayil ke ƙara wahala yana ɗaukar zafi. Tsohon fulogi shi ne kan gaba wajen kashe kwayil.

Baba Makanike: Man da ke cikin ramin daga gasket ɗin murfin saman inji yake. Zafi ne ke busar da robar ta yi tauri ta daina riƙe mai. A 1ZZ zoben ramukan fulogi haɗe suke da gasket ɗin, don haka guda ɗaya za ka saya. Wajen ɗaurawa a goge bakin murfin da kan injin tas, a ɗiga gam kaɗan a wurare biyu inda murfin cen ya haɗu da kan inji, nan kawai. Masu shafe gasket ɗin duka da gam suna jawo guntayensa su faɗa cikin mai. Notukan murfin kuma ba sa son ƙarfi, kimanin 10 Nm ne a sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Idan aka matse da yawa gasket ya tsinke ko noti ya karye a ciki.

Kafin a kwance fulogi a tsotse man da ke ramin da tsumma a kan sukundireba, a hure ƙura da iska. Man da zai faɗa silinda hayaƙi kawai zai yi na ɗan lokaci, amma yashi idan ya faɗa yana kankare bango. A bari inji ya huce kafin a kwance, kan injin alminiyam ne, zarensa na saurin lalacewa da zafi.

Alhaji Mai Kayan Gyara: Sannunku da ƙoƙari. Ta ɓangarenmu, Malam ka zo da tsohon kwayil ɗin a hannu, ko ka ɗauki hoton lambar da ke kansa. Na Corolla mai 1ZZ shi ne 90919-02239, Denso ke yi wa Toyota. Na Camry mai 2AZ 90919-02244 ne. Soket ɗinsu kusan iri ɗaya, shi ya sa ake kuskuren ba da wani a madadin wani, alhali tsayinsu da zamansu a rami ba ɗaya ba ne. Wanda bai kai ya kama kan fulogi sosai ba zai yi aiki kwana kaɗan ya ƙone robar. Fulogin motarka Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11. Na Camry 2.4 SK20R11 ko IFR6A11, Accord mai injin K24 kuma IZFR6K11. Wannan 11 ta ƙarshe ita ce tazarar milimita 1.1, a gyare suke zuwa.

Jabu ya yi yawa, a kwali iri ɗaya da na gaskiya. Fulogin iridiyam na gaske tsinin tsakiyarsa siriri ne sosai, bai kai milimita ɗaya ba, rubutun jikinsa a tsabtace, zarensa sumul. Na jabu tsinin yakan yi kauri ko ya karkace, ya cinye cikin watanni. Idan aka sa maka farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ka ajiye.

Kwayil na Baljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, idan Denso ne na asali, a ganina ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Amma ka duba shi a rana: lanƙwasa robar ka ga ko akwai tsaga, nemi farin tabo ko toka-toka a jikin sandarsa, alamar wuta ta taɓa ɓullewa ta nan. Kalli samansa ko ya kumbura ko ya fashe. Leƙa sifirin ɗin ciki ko ya yi tsatsa. Maƙallin soket ya kasance bai karye ba. Ko a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, ka yi sharaɗi da mai kaya tun farko cewa za a gwada a mota, idan bai yi ba a canza.

Ɗan Tasha: Ranka ya daɗe Alhaji, amma tunda shekarunsu ɗaya, ba gara ya sauya huɗun ya huta ba? Mai doguwar tafiya ba ya son abin da zai tsayar da shi a daji.

Injiniya: Ban goyi bayan haka ba a wannan inji. Kwayil ɗin a sarari suke, sauya ɗaya aikin minti biyar ne. Kuma abin da yakan faru, kuɗin huɗu na kirki ya yi wa mutum yawa, sai ya sayi huɗu masu arha, ya cire Denso uku lafiyayyu ya zuba waɗanda ba su kai su ba. Ya sayi ɗaya mai kyau, fulogi huɗu, gasket. Idan da hali ya ƙara ɗaya ya ajiye a but da sufana mai lamba 10.

Baba Makanike: Na yarda da kai, ƙanena, da sharaɗi ɗaya: a zaro sauran ukun a duba robarsu. Idan mai ya jiƙa su har sun kumbura sun yi laushi, su ma suna kan hanya. Wanda mai ya ɗan taɓa kawai, a goge shi ya bushe a mayar.

Ɗan Tasha, idan ya mutu maka a hanya ba ka da wani, zare soket ɗin nozul na wannan silinda ka lallaɓa da uku. Za ta yi rawa, ba ƙarfi, amma fetur ba zai wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ba, katalis ma ya tsira.

Maman Sadiq: Salamu alaikum. Don Allah ni ma a duba min, Sienna ce 2005, kwamfuta ta nuna P0305. An ce sai an kwance saman injin kafin a kai gare shi, kuɗin aikin ya yi yawa. Haka ne?

Oga Rewaya: Hajiya, ba a yi miki ƙarya ba. Injin 3MZ ne mai silinda shida. Na 2, 4, 6 suna gaba wajen lagireto, a buɗe. Na 1, 3, 5 suna baya wajen gilashi, manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, ya rufe su, sai an ɗaga shi. To a nan shawarar ta bambanta da ta Corolla. Tunda kuɗin aikin ne mai nauyi, kada a buɗe don kwayil ɗaya. A sa sababbi uku a baya, a sauya fulogi shida, SK20R11, a duba ramukan ko akwai mai. Tsofaffin ukun da aka ciro kada a zubar. A gwada su ɗaya-ɗaya a layin gaba. Wanda ya kawo misin shi ne mai laifin, sauran biyun ki ajiye don na gaba.

A tabbatar an sa sabon gasket na manifol, kuma da an ɗaga shi a toshe ramukan da tsumma mai tsabta kada noti ya faɗa. Idan aka mayar da tsohon gasket iska na iya shiga ta gefe, a fita daga P0305 a faɗa P0171, lambar iska ta yi wa fetur yawa. Masu Honda mai silinda shida su lura, ƙirgarsu daban ce: 1, 2, 3 ne a baya, 4, 5, 6 a gaba.

Ɗan Tasha: Oga, Golf 3 fa? Da safe idan an kwana ana ruwa ba ta tashi sai rana ta fito. Wani lokaci kuma idan ta yi zafi ta mutu a hanya, a jira ta huce ta tashi.

Oga Rewaya: Golf 3 mai silinda huɗu kwayil ɗaya gare ta da distiributa, don haka idan shi ne, duk injin yake shafa, ba silinda ɗaya ba. Misin a silinda ɗaya a wannan mota, ka nemi wayar fulogi ko hular distiributa.

Ƙin tashi da damina sanannen hali ne na kwayil ɗinta: jikinsa na tsagewa wajen bakin da babbar waya ke fita, laima ta shiga tsagar, wuta ta zube a nan. Da dare, a wuri mai duhu, mota na aiki, fesa ruwa kaɗan da kwalbar feshi a kan kwayil ɗin da wayoyin. Idan ka ga shuɗin tartsatsi na gudu a jikinsa, ko inji ya fara tangaɗi, ka samu. Kada ka taɓa da hannu. Liƙe tsagar da gam na iya kai ka gida, ba gyara ba ne.

Da mitar awon wuta kuma, makulli a kashe: tsakanin bakunan kwayil ɗin masu lamba 1 da 15 ya ba da wajen rabin om (ma'aunin turjiyar waya) zuwa om ɗaya da ɗan kai, tsakanin 4 da 15 kuma om 3,000 zuwa 4,000. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka debe shi, don awon farko ƙanƙane ne. Soket ɗinsa mai baki uku ne, na gefe biyu wuta da negatif, na tsakiya sigina. Da makulli a buɗe ka samu 12V tsakanin na gefen.

Mutuwa da zafi kuwa, kwayil na yi, amma sensar da ke cikin distiributa ma na yi. A gwada a daidai lokacin da ta mutu, ba bayan ta huce ba. Cire hular ka duba ciki: tsaga, laima, koren tsatsa a kan ƙarafunan, da gawayin tsakiya ko ya cinye. Rota ma a duba bakinta.

Injiniya: Ƙari a kan maganar mita, don kada masu Toyota da Honda su ɗauka su ma haka za su auna. Kwayil ɗin da ke zaune a kan fulogi mai waya uku ko huɗu, akwai transisto a cikinsa, mita ba za ta ba ka awon da za ka dogara da shi ba. Ko a tsofaffin ma, awo mai kyau bai wanke kwayil ba, saboda mita da ƙaramin batir take aiki, ba ta ganin hujin da sai wuta ta kai dubbai take bi.

Inda mita ke da amfani shi ne soket, musamman idan lambar P0351 zuwa P0354 ce kuma ta ƙi bin kwayil bayan musaya. Na Toyota waya huɗu ne: ta 12V, ta negatif, IGT wadda kwamfuta ke aiko umarnin a ba da wuta, da IGF wadda ke mayar da amsa cewa an bayar. Makulli a buɗe, a samu 12V. Negatif zuwa jikin inji kada ya kai om ɗaya. A girgiza wayoyin mota na aiki a ji ko za ta yi tuntuɓe. Maƙallin soket da ya karye, bakin ƙarfe da ya buɗe, ko waya da ɓera ya ci, duk suna kawo wannan lamba. Wayoyin sigina 5V ne, kada a soka musu fitilar gwaji mai kwan fitila, balle a haɗa su da batir don a ga ko za su yi wuta. Hanyar ƙona kwamfutar mota ke nan.

Idan lambobin huɗu suka fito tare ko mota ta ƙi tashi, a duba abin da suka yi tarayya a kai: fiyus, rile, wayar negatif da ke ɗaure a kan inji. Layin IGF ma haɗe yake, kwayil ɗaya da ya yi shot na iya danne sauran. A zare su ɗaya-ɗaya ana buga kik. Wanda aka zare ta tashi da uku, shi ne. Idan babu wuta ko'ina kuma allurar juyin inji ba ta motsi lokacin kik, a koma kan sensar kiranshaf, P0335.

Baba Makanike: Idan kuma an musanya kwayil da fulogi ciwon yana nan a silindarsa, saura biyu. Nozul: a dafa sukundireba a jikinsa a sa kunne, a ji yana ƙyas-ƙyas daidai da sauran, a auna shi, irin waɗannan sukan ba da om 11 zuwa 15. Sai matsin silinda: a 1ZZ kada ya gaza 145 psi, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 15. Bawul ɗin da ya ƙone ko zoben fistin da ya gaji, ko kwayil goma aka sa ba za su gyara shi ba.

Oga Rewaya: Akwai ɗabi'u da ke cinye kwayil waɗanda ya kamata masu mota su hana da bakinsu. Wanke inji da injin feshi mai ƙarfi, ruwa ya cika ramukan fulogi. Mota ta fito daga wanki tana misin, a zaro kwayil a busar da ramin da iska kafin a ce ya mutu. Sai cire kan batir mota na aiki wai don a gwada altaneta. Wutar na yin tsalle ta bugi transiston kwayil da kwamfuta. Mita ake sawa a kan batir: a kashe 12.4 zuwa 12.6V, mota na aiki 13.5 zuwa 14.5V. Abin da ya haura 15V altaneta na cika caji, a gyara shi kafin a sa sabon kaya. Motar da ke yawan zafi ma tana gasa kwayil, tunda a kan inji yake zaune.

Mai Haɗa Gas: Ga waɗanda suka mayar da motarsu CNG tun bayan cire tallafin fetur a 2023: gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman wuta mai ƙarfi. Kwayil ɗin da ke lallaɓawa a fetur, da an juya gas sai ya tona kansa. Idan mota na misin a gas amma lafiya a fetur, kafin a taɓa saitin gas a duba fulogi da kwayil. Akan rage tazarar fulogi zuwa milimita 0.7 ko 0.8 don a sauƙaƙa wa kwayil. Idan iridiyam ne, ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa a hankali, kada wani abu ya danni siririn tsinin, karyewa yake.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An samo Denso ɗaya, fulogi huɗu SK16R11 da gasket. Akwai abin da za a kiyaye wajen ɗaurawa?

Baba Makanike: Gasket za a fara yi, sannan fulogi. A sa fulogin a bokis mai lamba 16, a fara murɗa shi da hannu zalla har ya zauna. Idan ya yi tauri tun zagaye na farko ya hau zare a karkace, a dawo da shi baya. A ɗaure kimanin 25 Nm. Idan babu sufana mai awo, bayan ya zauna a ƙara wajen rabin zagaye ga sabon fulogi mai washa, kada a hau kansa da ƙarfi. A shafa giris ɗin silikon ɗan kaɗan a bakin robar kwayil ta ciki, ba a kan ƙarfen ba, kuma ba giris ɗin taya ba. A danna kwayil har ya zauna, notinsa 9 Nm ne kawai, a tura soket har ya yi ƙas.

Injiniya: Bayan nan a goge lambobin, a koma gadar nan da esi a kunne, kwamfuta na haɗe ana kallon ƙirgar misin ta kowace silinda. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. Idan yana warin fetur ko ya haura alamarsa, a juye shi da filta ko lokacin sabis bai yi ba. Bayan mako guda a sake zaro kwayil na uku a leƙa ramin da tocila a ga ko mai ya dawo, a kuma sake sa kwamfuta. Idan P0420 ta fito, katalis ya ji jiki lokacin da ake tuƙa ta da misin, sai a duba shi daban.